Kada Ka Ba Kowa Wuyanka, Sanusi

Sanusi ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Kano lafiya, gajiyar mota ta sake ka, Kawunka Bello ya nuna maka inda za ka aje kai. Allah Ya tsare min kai a fita da shiga, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki. Innarka na ba takardar, na ce ta cusa ta ƙarƙashin kilishi, don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Magana ɗaya ce ta tsaya min a rai, na kasa faɗa maka ido da ido. Ka san halina, in na buɗe baki da niyyar nasiha faɗa ke fitowa, kai kuma sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba", alhali babu abin da ya shiga.

Ranar Talata da na biyo shagonku na gyaran waya a nan gari karɓar wayata, na daɗe tsaye ba ka gan ni ba. Kana duƙe bisa wata waya, haɓarka na neman taɓa ƙirji. Sau biyu ɗan sukurun nan da bai kai ƙwayar gero ba ya suɓuce maka. Ka aje hantsaki, ka yarfe hannun dama, ka matsa ƙeyarka, ka koma aiki. Ranar Juma'a kuma na hango ka a kujerar mai aski, an gama askin, ya kama haɓarka da hannu ɗaya, ƙeyarka da ɗayan, ya murɗa dama ya murɗa hagu, kai kana dariya. Wallahi wannan yarfe hannun na san shi, domin na yi shi wata da watanni. Kai kuma da yatsun nan kake cin abinci, kuma su ne suka sa aka kira ka babban shago a Kano. In suka mutu, ban san me za ka riƙe hantsaki da shi ba.

Kana aji uku na firamare lokacin da na yi ciwon hannu. Abin da ka sani shi ne Baba ya yi jinya ya warke. Ba ka san da ƙafata na je na nemo shi ba.

Wautata ta farko daɗi ne ya jawo ta. Tun ina saurayi nake ɗauko nama a ka daga kwata zuwa teburinmu. Cinyar sa guda, wani lokaci har da haƙarƙari, ba ko gammo, don a ce ɗan mahauci ne na gado. In an nuna min baro sai in ce na ragwaye ne. Yamma ta yi wuyana ya sandare kamar icce. To akwai wanzaminmu Mamman, Allah Ya jiƙansa, wanda in ya gama aski sai ya ce, "Kawo wuyan in sauke ma gajiya." Ya murɗa, ka ji ƙas, ka ji wani sanyi ya sauko har gadon baya. Abin ya shige ni har nakan je ba don aski ba. In bai yi ƙara ba sai in ce bai yi ba, ya sake. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ke ƙarar ba, ko me ya sa bayan kwana biyu wuyan ke komawa yadda yake, har ya fi.

Ka ji na farko. Sauƙin da ke zuwa nan take ya gudu kafin jibi bai gyara komai ba. Abin da ke sa wuyanka ciwo yana nan a zaman da kake yi, kamar yadda nawa yake a kayan da nake ɗauka. Mai aski gashi ya koya. In ya gama, ka tashi ka yi masa godiya, in ya miƙo hannu wajen haɓarka ka ce a'a. Zai yi maka tsiya ya ce kai matsoraci ne. Ka bar shi ya ce.

Daga baya ciwon ya bar wuya shi kaɗai, ya fara gangarowa. Ya bi ta allon kafaɗa, ya sauka ta cikin hannu har gwiwa, ya ƙare a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Wani lokaci zafi, wani lokaci kamar kiyashi na yawo ƙarƙashin fata. In na yi atishawa sai in ji ya harba. Na ce sanyi ne. A kwata kowa likita ne, wannan ya ce sanyi, wancan ya ce mataccen jini. Na sa aka yi min ƙaho a kafaɗa har sau uku, na shafe man zafi kwalba kan kwalba, har Innarka ta ce ɗakin ya koma shagon magani. Ta tambaye ni, "Malam, mi yas samu hannunka kake ta yarfe shi?" Na ce ƙuda nake kora. Ka ji fa, babban mutum da 'ya'ya shida, wai ƙuda. Tsoro nake ji kada a ce na gaza, kada masu sayen namana su koma teburin wani. Haka na ci gaba da ɗora cinyar sa a kan wuyan da ke roƙona in sauke.

Kai ma na san abin da kake gudu. Sabon wuri ne, kana son maigidan ya ga kai gwani ne, ba ka son ranar farko a ce ɗan Sakkwato ya zo da ciwo. Dama za su gane ka daga buɗe baki, su yi ta kwaikwayon maganarka, wannan ba komai ba ne, ka rama. Amma ciwon wuya da ya sauko hannu, ya kawo mutuwar yatsa, ba gajiya ba ne kuma ba abin ɓoyo ba ne. Rabin yini da za ka roƙa ka je asibiti ba zai kore ka daga aiki ba. Hannun da ke zubar da kayan mutane shi zai kore ka.

Yanzu ga babbar wautar, wadda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Akwai wani tsoho mai ɗori a bayan Ƙofar Marke. Ba zan zage shi ba, shi ya ɗaura ƙafar yayanka da ya faɗo daga mangwaro, ga shi nan yana tafiyarsa. Na je masa da hantsi na ce wuyana ya goce, a mayar min. Ya lallatsa ƙeyata, ya ja yatsuna. Ya ce, "Wanga ba karaya ba ta, ba kuma targaɗe ba na. Ni ƙashin da ya karye na sani. Tafi a yi ma hoto." Ka ji mutumin da ya san iyakarsa. Ni ne na ƙi. Na ce, "Haba Baba, duk garin nan ana maganar hannunka, ni za ka kora? Ka ja kawai, ni na sa ka." Na yi ta zuga shi har ya ji kunyar ƙi.

Ya zaunar da ni a tabarma, ya warware rawaninsa, ya zagaya shi ƙarƙashin haɓata da bayan kaina, ya tsaya a bayana ya ja sama. Na farko ban ji komai ba. Ya ce ya isa. Na ce, "Ƙara dai, ban ji ya yi ƙara ba." Ya ja na biyu ya haɗa da murɗawa. Sanusi, ka san yadda lantarki ke fizgar mutum in ya taɓa waya tsirara, kai da aikinka ne. Haka na ji daga ƙeya har ƙarshen yatsu. Salati ya kuɓuce min da ƙarfi har matan gidan suka leƙo. Tsohon ya saki rawani yana cewa, "Na gaya ma, na gaya ma." Ni kuwa na miƙe na kakkaɓe riga na ce ai alamar ya koma ke nan. Na hau kabu-kabu, kowane rami muka faɗa sai na ciji leɓe.

Washegari na tsaya a tebur, wata mata ta nuna tsoka, na ɗauki wuƙa. Wuƙar da nake riƙewa tun kafin in yi gemu ta zame daga hannuna ta faɗi kusa da ƙafata. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Matar ta dube ni ta ce, "Lafiya, Malam?" Na ce maiƙo ne. Na juya baya na duba hannun, ina ce masa ya dunƙule, yatsu biyu suna kallona. A ranar na san tsoro. Ban yi tunanin mutuwa ba, tunanin ku na yi, ku shida da uwarku, da wuƙar da ba ni da wata sana'a bayanta.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ba kullum mai murɗawa ke da laifi ba. Mai ciwo ma yakan matsa har a cuce shi. In wanda ya san aikinsa ya ce maka wannan ba nasa ba ne, ka gode masa ka tafi inda ya nuna. Kuma duk wanda bai ga abin da ke cikin wuyanka ba, komai sunansa, komai yawan masu yabonsa, ko a waya ka gan shi yana murɗa mutane suna tashi suna murna, kada ka zauna a gabansa.

Innarka ce ta kama ni. Na tsaya ina kokawa da maɓallin riga, ta zo ta ɓalla min, sannan ta ce, "Yau asibiti za mu." Na daka mata tsawa, na ce tun yaushe ta fara ba ni umarni. Ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka gama faɗan, ina jiranka." Na gama kuwa, na bi ta. Har yau ban roƙe ta gafarar tsawar nan da baki ba, kuma in ka gaya mata na rubuta wannan, ni da kai ne.

A asibiti aka tura mu wurin wata likita da ba ta fi shekarun yayarka Hadiza na yanzu ba. Na ce a raina, wannan yarinyar me ta sani. Ta ce in matse yatsunta, ta ce in buɗe nawa ta tura, ta bubbuga gwiwar hannuna da ɗan gudumarta, ta sa na yi tafiya a ɗakin tana kallon ƙafafuna. Sai ta ce, "Baba, wani ya taɓa maka wuyan nan? An ja ko an murɗa?" Na ce babu. Ta ɗago kai ta dubi Innarka, Innarka ta dubi silin. Likitar ta ce, "Baba, ba faɗa zan yi ba. Abin da zan nema a hoton ne ya danganta da amsarka." Nan na sauke girman kan na faɗa mata komai, tun daga Mamman wanzami har rawani.

Da hoton ya fito, irin wanda ake shigar da mutum cikin na'ura, ta ɗaga shi ta fara bayani a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. Ta ce ƙasusuwan wuya jere suke, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi, ta tsakiya laka ta wuce, ta gefe kuma jijiyoyi ke fita su tafi hannu. Na ce, "Tsaya, Likita. Farin abin nan mai laushi da ke cikin ƙashin wuya?" Ta ce shi fa. Sanusi, shekara nawa ina sara wuyan sa da gatari, ina ganin lakar nan da idona, ina zare ta da yatsa. Na san yadda take da taushi, na san ramin da take bi ba shi da faɗi. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa nawa wuyan haka yake. Ta nuna min inda faifan ya bultso ya danne jijiyar da ke zuwa yatsuna. Ta ce da alama ya daɗe da fara bultsowa saboda kaya, jan da aka yi ya ƙarasa shi. Ta nuna ɗan abin da ya rage tsakaninsa da laka. Ta ce da ya danna can, da maganar ƙafafu muke yi, ba ta yatsu ba. Ta ƙara da cewa akwai hanyoyin jini da ke bi ta gefen ƙasusuwan nan su tafi ƙwaƙwalwa, kuma murɗa mai ƙarfi takan ji musu rauni, ba kasafai ba, amma in ya faru yana iya kawo shanyewar jiki.

Don haka in ka je gaban likita, ka faɗi gaskiya duka, har da kujerar mai aski. Kada ka rage, kada ka gyara labari don a ce kana da hankali. Kuma kada ka raina shi don ba shi da furfura.

Ka zaci na yi hankali daga nan? Ina! Ta ba ni magani, ta ba ni wani abin ɗaurawa a wuya ta ce in sa na ɗan lokaci, ta hana ni ɗaukar kaya. Kwana uku na sa. Da na shiga kwata da shi aka yi min caa, wani ya ce ga rago an ɗaura masa laya, wani ya ce na zama ma'aikacin banki. Na cire na cusa a aljihu, har na taya wani ɗaga haƙarƙari don su ga ina nan da ƙarfina. Sati guda na yi a kwance bayan haka. Cikin masu dariyar, mutum biyu ne suka zo duba ni.

Bayan nan ne na miƙa kai. Aka tura ni sashen gashin ƙashi, na shiga ina harare-harare, don na rantse babu mai sake taɓa min wuya. Mutumin da ke wurin ya yi dariya ya ce shi ma da hannu yake aiki, amma sai ya karanta takardata ya ga hoton tukuna. Haka kuwa ya yi. Yana taɓawa yana tambaya, in na ce ya harba sai ya tsaya. Babu fizga, babu ƙara. Yawancin aikin ma ni ya ba: in ja haɓa baya a hankali, in gyara zaman kafaɗu, in matsa ƙwallon roba. Na ce masa wannan wasan yara ne zai dawo min da hannu? Ya ce, "Baba, ka yi wata uku ka zo ka zage ni." Ban samu damar zaginsa ba. Kada ka ce na ce duk mai aiki da hannu macuci ne. Bambancin shi ne wannan ya san abin da ke ƙarƙashin yatsunsa kafin ya danna.

Sauƙin a hankali ya zo, har ba ka ganin zuwansa. Zafin ya janye daga yatsu ya koma gwiwa, daga gwiwa ya koma kafaɗa. Wata rana na ga na ɓalla maɓalli ban lura ba. Da Babbar Salla ta zagayo, maƙwabta suka ɗauka za a kira wani ya feɗe mana rago. Na ce a miƙo wuƙa. Na feɗe shi tas, fatar ba huji ko ɗaya, na ɗaga kai na ga Innarka tana share ido da gefen zane tana cewa hayaƙi ne. Tun daga lokacin baro ke ɗauko min nama, kuma ban ga ya rage min komai ba. Ƙaramin yatsan ne kawai bai dawo duka ba, in na taɓa abu da shi kamar ta cikin tsumma nake taɓawa. Likitar ta ce jijiya ba ta son a daɗe ana danne ta, da na zo tun ana kiyashi da wataƙila ko wannan ban rasa ba.

To kai yanzu a kiyashin kake, in ma shi ne. Ni ba likita ba ne, mai yiwuwa naka ba daga wuya yake ba, mai yiwuwa abu ne ƙarami da gyaran zama zai kore. Shi ya sa nake so wanda ya sani ya duba. Abin da na ji daga bakinsu shi ne yawancin masu irin wannan suna warkewa ba tare da an yanka su ba, in sun zo da wuri suka bi abin da aka ce. Kai yaro ne, jikinka sabo, ba ka yi shekara ashirin ƙarƙashin cinyar sa ba. Ina da kyakkyawan zato sosai.

Kafin ka samu ganin likita, ka ɗaga teburin aikinka ko ka rage tsayin kujera, aikin ya zo wajen idonka, ba kai ka bi shi ƙasa ba. Ka riƙa miƙewa kana ɗan zagayawa, kada ka jira sai kiran salla. In an tashi aiki ka aje taka wayar, wuyan ya duƙa wa na mutane yini guda, ya isa. In kuwa ka ga hannun ya rage ƙarfi, ko ƙafafunka sun yi nauyi kana tuntuɓe, ko fitsari ya rikice maka, ko jiri da gani biyu-biyu sun zo maka, musamman bayan an taɓa wuyan, wannan ba na gobe ba ne, ka aje komai ka tafi asibiti a lokacin.

Na san za ka kira ka ce ka sauka lafiya, kuma zan ji daɗi. Amma kiran da nake jira shi ne na ranar da ka fito daga wurin likita, ka ce, "Baba, na je, ga abin da aka ce." Ina so ya zo kafin ka yi Juma'a biyu a Kano. Ban gaya wa Kawunka ba, ban gaya wa Innarka ba, na bar maka girmanka ka kai kanka. In Juma'a ta biyu ta wuce ban ji ba, zan gaya mata, kuma ka san ita mayafi kawai za ta ɗauka ta nufi tasha.

Ka yi haƙuri da rubutun, ya karkace a wasu wurare. Hadiza ta ce in faɗa ta rubuta, na ƙi. Kwana uku na yi ina yi ina hutawa, da hannun nan da wuƙa ta faɗi daga cikinsa, don ka gani da idonka cewa ana warkewa.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa albarka a yatsunka, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane da na taurin kai irin na ubanka. Ka riƙe salla, ka gaida Kawunka da mutanen gidansa. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka,
daga Ƙofar Atiku, Sakkwato.